Tagar Kangon Santa Oria

Duk wanda ya tashi a Valdemirlo ya san Casilda mai hoto, kuma hancinsa ne ya fara saninta kafin idonsa. Wari take yi, warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ba ƙazanta ba ce, matar nan ta fi kowa wanka a unguwarmu. Ruwan maganin da take tsoma hotuna ne, wanda yake mayar da su launin ƙasa-ƙasa, ya kama fatarta da gashinta har sabulu ya sallama. Ta tsufa tukuf tana hawa tudu da jaki tana ɗaukar hoton abu ɗaya, wato kangon Santa Oria, inda sufaye suka zauna suna ibada tun zamanin kakannin kakanni. Rufin cocin ya daɗe da ruftawa, ciyawa ta cinye daɓen, bangaye ne kawai suka rage a tsaye.

Mutum kuwa ba ta ɗaukarsa. Amarya ce ke, ko jariri aka yi wa baftisma, sai ta ce ku shiga mota ku tafi birni. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce taɓin hankali. Masu faɗin haka kuwa, in ka bincika, 'ya'yan waɗanda suka rufe tagoginsu ne a shekarar da abin ya faru, don haka bakinsu bai isa ba.

Sana'ar ta ubanta ce, tsoho Evaristo. Shi ya bar mata akwatin hoto na katako mai ƙafafu uku, da baƙin mayafin da ake lulluɓa a leƙa, da tulin gilasai, don a lokacin a kan gilashi hoto yake fara zama kafin a mayar da shi takarda. Ya kuma bar mata dabararsa. Evaristo ba ya ƙaunar ganin mai rai a hoton kango. Cewa yake masu sayen kati su aika wa dangi kango suke so, ba gindin akuyar wani ba. Sai ya matse idon akwatin ya koma kamar kafar allura, ya cire murfi, ya zaro carbi ya yi ta jan addu'a, haske yana shiga sannu a hankali. Duk abin da yake motsi ba ya samun zama a gilashin. Akuya ta gifta, mai itace ta wuce da kayanta, hankaka ya tashi, babu ko alamarsu. Abin da ya tsaya cak, shi kaɗai yake fitowa.

"Ƙyale su su yi ta yawonsu," in ji shi. "Ba sai kin kori kowa ba, su za su kori kansu."

Sai yaƙin basasa ya zo ya tsaga Sifaniya biyu, ya tsaga garinmu, har gida ɗaya ya tsaga. Evaristo ya rasu ana tsakiyarsa. Autansu Baltasar, ƙanen Casilda, ya bi ɓangaren da aka ci da yaƙi, kuma kowa ya san abin da ake yi wa irinsu in sun dawo: a ɗauke su a kai su bayan katangar maƙabarta, shi ke nan. Labari ya bazu cewa Baltasar ya tsallake iyaka ya shiga Fotugal. Casilda da kanta ta baza shi. A bakin rijiya take tsayawa tana surfa masa zagi, wai ɗan banza ya gudu ya bar ta da jaki da warin ƙwai, Allah ya isa tsakaninta da shi.

Baltasar kuwa yana nan a kango. A cikin kaurin bangon gabas akwai wani siririn lungu da sufaye suke bi a da, matakalarsa a ɓoye bayan ƙaya, kuma lungun yana ɓullowa ne a wata babbar taga can sama, mai baki biyu, da siririn ginshiƙin dutse a tsakiya. Nan yake kwance. Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya same shi a nan. Casilda take kai masa abinci a ƙasan akwatin gilasai, burodi da albasa da ɗan cuku in an samu, kuma ƙararrawar wuyan jakinta ita ce sallamarta. Ba wanda zai tambayi mai hoton kango me ya kai ta kango.

Kada wani ya ce maka ta saba. Ba a sabawa. Kare ya yi haushi a nesa, ta miƙe zumbur ta leƙa waje. Mai burodi ya ɗan daɗe yana kallonta, ta kwana tana juya kallon nan a ranta. Rabon mutum ɗaya suke ci su biyu, ta rame har wuyanta ya fito, mata suka fara cewa ruwan maganin ne yake shanye ta. Gwaggonta Remedios, ƙanwar ubansu, ba ta taɓa tambayarta komai ba. Sai dai lokaci-lokaci ta shigo ta ajiye ƙullin wake a kan teburi, ta ce ya yi mata yawa, alhali kowa ya san ba gidan da wake ya yi wa yawa a shekarun nan.

Wanda ta fi tsoro shi ne Saje Carmona, shugaban jandarmomin garin. Mutumin kudu ne, mai tumbi, mai dariya, kuma dariyar ce abin tsoron. Da dariya ya ɗauke mai gyaran takalmi, da dariya ya ɗauke malamin makaranta. Don ƙaddara kuma sai ya zama babban mai cinikinta. Duk sabon kati da ta fitar sai ya saya ya aika wa matarsa. Kangon nan ya fi saninsa a takarda fiye da a ido, don hawan tudu ba abokin tumbinsa ba ne.

Ranar da abin ya faru safiya ce mai kyau, ba ta yi kama da ranar masifa ba. Casilda ta hau da jakinta, ƙararrawa tana kaɗawa, ta kafa akwati a bakin ƙofar cocin tana fuskantar bangon gabas. Ta lulluɓa ta leƙa, tagar tana nan fayau, babu kowa. Ta zura gilashi, ta cire murfi, ta zaro carbi. Niyyarta ta gama wannan, ta waiga hagu da dama, sannan ta kai abincin. Ba ta yi nisa da addu'a ba ta ji takun manyan takalma a bayanta.

"Ina kwana, mai ƙwai!"

Saje ne, yana haki, da yaransa biyu da bindigogi a kafaɗa.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Mun ɓata miki hoto ko? Mu matsa?"

"A'a, ranka ya daɗe. In dai tafiya kuke yi, ba za ku fito ba."

"Kamar yaya ba za mu fito ba? Ni? Da wannan?" Ya bubbuga tumbinsa. "Gilashin naki makaho ne?"

Ta yi masa bayani da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Ya sa yaransa suka yi ta fareti a gaban akwatin, shi kuma ya shiga tsakiyar cocin yana juyi yana tafa hannu kamar a gidan biki. Casilda ta kafa idonta a ƙasa. Carbi yana tafiya a hannunta, amma addu'a ɗaya take yi, Ubangiji ka zaunar da yaron nan a raminsa. Ba ta ɗaga kai ta dubi tagar ba ko sau ɗaya, don ta san Saje, abin da idon mutum ya kalla shi yake kallo.

Da ta mayar da murfi, ya share zufa ya ce, "Wannan nawa ne. Kuma yau sai na ga yadda ake wanke shi, da idona. In gaya wa uwargida na yi rawa a hoto amma ba a gan ni ba, ta ce ƙarya nake."

Ɗaya daga cikin yaran ya ɗaga akwatin gilasai zai ɗora wa jaki, ya ce, "Kai! Gilashi da nauyi haka?" Ta ce ai na da ne, masu kauri. Haka suka gangaro, ita a gaba, bindigogi a baya, abincin Baltasar yana komawa gida.

Ɗakin wankin hotonta ɗan tsukuku ne a bayan madafa, da jar fitila guda. Saje ya sallami yaransa ya shigo ya cika ɗakin, numfashinsa a bayan wuyanta. Ta sa gilashin a ruwa tana girgiza tasa. A gilashi komai a juye yake fitowa, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, sai wanda ya saba yake iya karantawa. Bangaye suka fito. Tagar ta fito baƙa ƙirin, da farin ginshiƙinta a tsakiya. A jikin ginshiƙin kuwa ga wani abu da bai wuce ƙwayar wake ba, da kai, da kafaɗa, da hula.

Wayyo Baltasar! Nan take ta gane yadda aka yi. Ya ji ƙararrawa, yunwa ta taso shi, ya leƙo ta taga, sai ya ga kaki. Sai ya yi abin da duk wanda ake farauta yake yi, ya manne da dutse ya ƙame, ko ƙifta ido bai yi ba. Abin da ya cece shi daga idon jandarma shi ya miƙa shi ga gilashi. Da ya sunkuya, da ya ruga, da ma rawa ya taka irin ta Saje, da babu shi.

"To ina nake?" in ji Saje.

"Babu kai, ranka ya daɗe."

Ya ƙyalƙyale da dariya har tasoshi suka yi ƙara. Ta ce a ranta bari ta saki gilashin ya tarwatse a ƙasa, ta ce tsautsayi ne. Kafin ta gama tunanin ya miƙo hannu ya karɓe.

"Kawo nan, hannunki rawa yake, kada ki fasa mini. Me ya same ki ne?"

"Ban karya kumallo ba, ranka ya daɗe."

"Ku matan arewa, sai aiki ba ci."

Shi ya riƙe gilashin har ta zuba masa barasa mai ƙarfi don ya bushe da wuri. Ya ɗaga shi a hasken ƙofa yana juyawa, ƙanenta a tsakanin manyan yatsunsa, bai san abin da yake riƙe da shi ba. Amma a takarda ba haka zai kasance ba. A takarda sama za ta koma fara, mutum ya koma baƙi, ko yaron goye ya gani zai nuna da yatsa.

Ba yadda za ta yi, ta ɗora gilashin a kan takarda, ta haska, ta tsoma. Hoto ya taso fari da baƙi a jar fitila. Saje ya sunkuya yana neman kansa a daɓen cocin, ita kuwa ta riƙe takardar ta sama, yatsunta biyu a kan tagar. Ta sa shi a ruwan gishirin da yake kafe hoto, ta fitar da shi tsakar gida ta kife a bokiti, ta ce sai ya sha ruwa sosai. Ta kawo wa Saje kujera da giyar inabi da ragowar cuku. Ya zauna yana ci yana ba ta labarin matarsa da ciwon ƙafarta, ita tana cewa ayya, Allah ya sawwaƙe.

Saura aiki na ƙarshe, na mayar da hoto launin ƙasa-ƙasa, kuma a fili ake yinsa, a haske. Ana fara tsoma shi a wani ruwa rawaya da yake shanye hoton, takarda ta koma kusan fara kamar ba a taɓa ɗaukar komai ba. Sannan a sa shi a ruwa mai warin nan, komai ya dawo da sabon launi. Tsakanin ruwan nan biyu akwai dokar da Evaristo ya kafa mata da mari tun tana yarinya: kada ɗigon ruwan gishiri ya taɓa takardar, don duk inda ya taɓa ba ya dawowa har abada.

Ta tsoma shi a kife, ta jira, ta juyo shi fari.

"Ke! Kin kashe mini hoto!"

"Zai dawo, ranka ya daɗe. Ka ɗan ja baya, zan buɗe kwalba."

Ta zare toshiyar kwalbar warin ta kai ta daidai hancinsa kamar ba da gangan ba. Ya toshe hanci ya juya yana tari yana zagin uwar duk wanda ya ƙirƙiro wannan sana'a. Ta tsoma babban yatsanta a tasar gishiri, ta danna a inda ta san tagar take, ta murza, ta ɗauraye. Ta jefa takardar a ruwan wari.

Bangaye suka dawo, launin ɓawon burodi. Ciyawa ta dawo, duwatsun daɓe suka dawo. Tagar ta tsaya fara fes, babu kowa a cikinta. Casilda ta tsamo takardar ta miƙa masa.

Saje ya karɓa da yatsu biyu yana murmushi. Ya duba ƙasa, babu shi, ya yi dariya. Ya duba sama. Dariyar ta tsaya.

"Ina ginshiƙin?"

Ta leƙa. Yatsanta ya tafi da Baltasar, ya kuma tafi da dutsen da ya manne a jiki. Taga mai baki biyu ta koma wawakeken baki ɗaya.

"Tagar nan ce uwargida ta fi so. Katinta yana jingine a kan akwatin kayanta. Akwai ginshiƙi a tsakiya, siriri. Ina ya tafi?"

Mai jin labari a zaune zai ce ai da ta ce hannunta ne ya ɓata. To da ta faɗi haka, cewa zai yi ga gilashi nan, buga wani, kuma wannan karon ba zai juya baya ba. Ta hango wannan, ba ta hango abin da yake bayansa ba, tsoro ya riga hankali zuwa bakinta.

"Ya faɗi, ranka ya daɗe."

"Ya faɗi? Yaushe?"

"Kwanan baya, da aka yi iskar nan."

"Ina cikin cocin ɗazu ban ga dutse a ƙasa ba."

"Ta baya ya faɗa, cikin ƙaya."

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da mai gyaran takalmi ya gani kafin a tafi da shi. Sannan ya ce iska ba ta kayar da abin da ya shekara ɗaruruwa a tsaye, ɓarayin dutse ne, masu gina garken awaki da kayan coci, kuma sai ya karya hannun wanda ya yi. Gobe da safe zai hau ya gani. Ya naɗe katin a hankici ya fita, a bakin ƙofa ya waigo ya ce cukunta ya yi gishiri.

Yana ɓacewa ta sa gilashin a turmi ta daka shi ya zama gari. Ta ɗauko igiyar rijiya da guduma ta cusa ƙarƙashin kaya, ta ɗora akwatin hoto a sama yadda kowa zai gani, ta kora jaki. Rana ta karkata. A hanya ta gamu da mata suna dawowa daga gona, ɗaya ta ce, "Sau biyu yau, Casilda? Ko wani sufi ne ya tashi daga kabari yana zawarcinki?" Ta yi musu dariyar dole, ta wuce.

Baltasar bai fito ba sai da ta shiga ƙayar da kanta ta kira shi. Ya sauko a rarrafe, gemu har ƙirji, yana tari.

"Yaya, kin gan su ɗazu? Wallahi ko numfashi ban yi ba. Ko motsi."

"Shi ne ai, sakarai! Ɗan mai hoto guda, a gidan ka tashi, ba ka san wanda ya tsaya shi ake kamawa ba?"

Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta koma kamar toka. Ta gaya masa sauran a gurguje. Ginshiƙin nan dole ya kwana a ƙasa, shi kuma dole ya kwana a hanya.

Ya hau ya ɗaura igiya a wuyan ginshiƙin ya wurgo ta baya, ya yi ta dukan gindinsa da guduma da ya naɗe da tsumma don kada ƙara ta yi nisa. Ita tana ƙasa ta ɗaura wa jaki, tana ja tana roƙonsa. Dutse ya ce bai san zancen ba. Kowane bugu ji take kamar a tsakiyar kasuwa ake yinsa, tana ja tana waigen hanya, igiya ta yanke mata tafin hannu ba ta ma sani ba. Tagar nan ita ubanta ya fara nuna mata a ƙarƙashin mayafi, a kife, ranar da ya ɗaga ta ta leƙa. Kuka take tana ja, tana cewa Baba ka yafe mini.

Da ginshiƙin ya tashi zuwa, gaba ɗaya ya zo. Ƙasa ta girgiza, hankaki suka tashi suna ihu, jaki ya zabura ya ja ta a cikin ƙaya. Suka yi tsit suna sauraro. Ba kowa, sai ƙararrawar wasu tumaki can nesa. Suka kwaɓa laka da kashin awaki suka shafe farin karayar, sama da ƙasa, suka watsa busasshen ganye.

Ta ba shi abincin da ya yi yawo tun safe, da takalman ubansu. Zai bi dajin tudu ya nufi kogi, in ya haye kogi ya shiga Fotugal, inda ta daɗe tana cewa yana can.

"Kin ga zan mayar da ke mai gaskiya," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi.

"Rufe mini baki ka wuce. Kada ka bi hanya, kada ka kunna wuta, kada ka yarda da makiyayi."

"Yaya."

"Na ce ka wuce, auta."

Ya rungume ta, ƙashi kawai ta ji. Ya shige cikin itatuwa. Ta so ta hau lungun ta share shi, amma rana ta kusa faɗuwa, kuma duk wanda aka gani a waje bayan ƙararrawar yamma ta hana fita sai ya yi bayani a bariki. Ta ce ai ya kwashe komai, me ma yake da shi? Ta gangaro.

Kafin gari ya waye aka yi ruwa. Ba mai yawa ba, daidai wanda zai wanke laka. Saje ya hau da yaransa ya tarar da karaya fara tas kamar cuku, da zaren igiya a wuyan dutse. Ya ɗaga kai yana tunanin ta ina ɓarawo ya hau, ya sa aka sassare ƙaya, sai ga matakala. A cikin lungun suka sami shimfiɗar ciyawa, da ɓawon albasa, da wani tsohon baƙin mayafi da Baltasar yake rufa da shi. Ba sai an tambayi mai shi ba, Saje ya kai shi hanci kawai, ya ji warin ƙwai.

Da rana tsaka suka zo suka tafi da ita, unguwa duk ta rufe taga. Suka aske mata kai, suka jefa ta ɗakin ƙasa na bariki. Abin da aka yi mata a can ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ba zan ƙirƙira ba, sai dai hannunta na hagu bai ƙara dunƙulewa ba har ta mutu. Tambaya ɗaya ce kullum. Da safe a buɗe ƙofa, Saje ya shigo, babu dariya yanzu, ya ce, "Ina ya nufa? Wa zai karɓe shi?" Ta ce ba ta sani ba. A yi abin da za a yi, a rufe.

Da farko takun takalmansu ne abin tsoronta, tana jinsa ta raɓe a kusurwa. Sai wata safiya, tana kwance a ƙasa bayan sun fita, wani abu ya faɗo mata. Wanda ya kama mutum ba ya tambayar inda ya nufa. Muddin suna zuwa, Baltasar yana kan ƙafafunsa. Daga ranar tsoronta ya juya. Ta koma kasa kunne tana jiran takalman nan, in sun makara ta yi ta leƙen ƙasan ƙofa, in ta ji mabuɗi a ƙofa ta ce na gode Ubangiji. Saje ya daka mata tsawa, ita tana lissafi a ranta, yau ya wuce dajin, yau ya kusa kogi, ƙila ruwa ne ya cika yake jira ya janye. Har wani yaron jandarma ya ce matar nan ta zare, ana dukanta tana murmushi.

Sai wata safiya haske ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya yi tafiya a daɓe, ba takalmi. Ta ce ƙila Lahadi ce. Ta ji ƙararrawar coci ba ta buga ta Lahadi ba. Ta ce ƙila Saje ne ba shi da lafiya. Ta rarrafa ta manna kunne a ƙofa, tana jin su a sama suna hira, wani har yana fito.

Wajen azahar aka buɗe. Yaron jandarman nan ne, shi kaɗai, da ɗankwalinta a hannu.

"Tashi ki tafi gida."

Ba ta motsa ba. "Saje fa?"

"Ya ce a sallame ki."

"Ai bai tambaye ni ba yau."

"Ba sauran tambaya, baiwar Allah. Tashi."

Ta kama ƙafar wandonsa. "Kira shi. Don girman Allah kira shi ya tambaye ni. Ka ce masa na tuna, zan faɗa, ta kudu ya bi, ta hanyar birni. Ku tambaye ni mana!"

Yaron ya kawar da kai. Sai da ya ɓamɓare yatsunta daga jikin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya tura ta matakala, ya fitar da ita cikin rana.

Dandalin garin cike yake da mata a bakin rijiya, amma guga ma an daina ja. Gwaggo Remedios ce ta ratso su ta taho, cikin baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, da wani baƙin mayafi a ninke a hannunta. Ta warware shi ta rufa wa Casilda a askakken kanta, ta ɗaure mata a haɓa, ta kama hannunta mai lafiya.

"A bakin kogi suka cim masa," in ji ta. "Ana hango ɗaya gaɓar. Zo mu je, sun ce mu kawo bargon da za a naɗe shi."